Dodannin da Kaset Ya Raya

Ranar 25 ga Yunin 1982 aka fara nuna wani fim mai suna The Thing a gidajen silima na Amurka. Kamfanin Universal ya kashe masa dala miliyan 15, wanda ya ba da umarni kuma, John Carpenter, ba baƙo ba ne a harkar, don shekara huɗu kafin nan ya yi Halloween da kuɗi ƙalilan ya kwashi riba mai tsoka. Kowa ya sa rai haka za a sake yi. Sai fim ɗin ya faɗi ƙasa warwas. Masu sharhi a jaridu suka yi masa ca, suka ce ban da jini da ƙazanta babu komai a cikinsa. Ga shi mako biyu kafin fitowarsa E.T. na Steven Spielberg ya shiga silima, labarin wata 'yar halitta mai taushin zuciya da ta faɗo daga sama ta ƙulla abota da wani yaro, jama'a kuwa can suka yi dafifi. Abin da The Thing ya tara a Amurka bai kai dala miliyan 20 ba, aikin da aka riga aka yi wa Carpenter alkawari a gaba ma aka janye.

Yau duk inda aka jera manyan finafinan ban tsoro na duniya, da wuya ka rasa shi a sahun farko. Ba a ƙara masa komai ba, ba a rage ba. Kaset ne ya ɗauko shi daga inda aka yar da shi, ya riƙa shiga da shi gida-gida, shekara da shekaru, har ya samu masoyan da silima ta hana shi.

Labarin maza goma sha biyu ne a wani sansanin bincike a Antaktika, ƙanƙara ta rufe musu hanya ta ko'ina. Wani kare ya shigo musu a guje, ashe ba kare ba ne, wata halitta ce da ke cinye duk mai ran da ta keɓe da shi sannan ta ɗauki kamanninsa, har murya da tafiya. Akwai wurin da duk wanda ya gani ba ya mantawa. Likitan sansanin na ƙoƙarin farfaɗo da wani da zuciyarsa ta tsaya, ya danna masa na'ura a ƙirji, sai ƙirjin ya wage da haƙora ya datse hannuwan likitan. Ana cikin ƙona gawar, kan ya miƙe ya tsinke daga wuya, ya zamo ƙasa, ya tsiro da ƙafafu irin na gizo-gizo, ya kama hanyar ƙofa. Babu kwamfuta a wannan aiki. Wani saurayi ne, Rob Bottin, wanda bai daɗe da haura shekara ashirin ba, ya haɗa komai da roba da wayoyi da abubuwa masu yauƙi, ya yi aiki ba dare ba rana har sai da aka kwantar da shi a asibiti saboda gajiya.

A silima wannan wuri sau ɗaya yake wuce ka, kana runtse ido. A gida kuwa sai ka tsayar, ka mayar baya, ka sake kallo. Fim ɗin kuma an gina shi ne a kan zargi: wane ne mutum, wane ne ya riga ya zama dodo, yaushe aka kama shi? Irin wannan labari kallo ɗaya ba ya isar sa. Sai wanda yake da shi a hannu, ya kalla yau ya kalla gobe, ya yi gardama da abokansa, shi ne zai gane irin ƙwarewar da aka zuba a ciki.

Kwali ne ke sayar da fim

Kamfanin Sony na Japan ya fito da na'urar kaset ɗin bidiyo ta Betamax a 1975, JVC ya biyo baya da VHS a 1976, wadda ita ce ta ci kasuwa daga baya. Manyan kamfanonin Hollywood ba su yi maraba da ita ba ko kaɗan. Universal da Disney suka maka Sony a kotu, aka yi ta ja har Kotun Ƙolin Amurka, wadda a Janairun 1984 ta yanke, alƙalai biyar a kan huɗu, cewa ba laifi ba ne mutum ya naɗi shirin talabijin a gidansa don ya kalla daga baya. Jack Valenti, shugaban ƙungiyar manyan kamfanonin fim, a gaban 'yan majalisa a 1982 ya kwatanta na'urar da wani ƙasurgumin mai shaƙe mata da ya addabi birnin Boston. Iyakar tsoron da suke yi mata ke nan.

Su suna jan ƙafa, kasuwa ba ta jira su ba. A 1977 wani ɗan kasuwa, Andre Blay, ya sayi izinin fitar da finafinai 50 na kamfanin Fox a kaset. A ƙarshen shekarar George Atkinson ya fara ba da hayar kaset a Los Angeles, tunda sayen guda ɗaya ya fi ƙarfin aljihun yawancin mutane. Cikin 'yan shekaru shagunan haya suka cika unguwanni, kowane mai shago kuma yana neman abin da zai jera. Nan ƙananan dillalai suka samu shiga. Suka bi tsofaffin finafinan ban tsoro na Italiya da Sifen da Amurka, waɗanda ba wanda ya damu da su, suka saye izininsu da araha. Charles Band na cikin waɗanda suka fara gane garin. Kamfaninsa Wizard Video ne ya fitar da The Texas Chain Saw Massacre a kaset a Amurka.

A shagon haya ba a san jarumi ba, ba a ga talla ba. Mutum zai tsaya gaban kanta ne ya yi ta juya kwalaye, wanda ya fi kama masa ido shi zai ɗauka. Don haka dillalan suka zuba ƙarfinsu a kan hoton kwali: hannu na fitowa daga kabari, ido ya zazzago, dodo ya cika fuska da haƙora. Sau da yawa abin da ke kan kwalin babu shi a cikin fim ɗin sam. An yaudari mutane da dama, wannan gaskiya ne. Amma ta wannan hanya ce kuma fim ɗin da wasu matasa suka haɗa da kuɗin aro ya zauna kanta ɗaya da fim ɗin da aka kashe wa miliyoyi, kuɗin hayarsu ɗaya, mai kallo ne alƙali.

Birtaniya ta tayar da jijiyar wuya

Mafi shahara cikin irin waɗannan matasa shi ne Sam Raimi. Yana ɗan shekara 20 ya kwashi abokansa, ciki har da Bruce Campbell, suka tafi wata tsohuwar bukka a dajin jihar Tennessee cikin hunturu suka ɗauki The Evil Dead da kuɗin da ba su kai dala dubu 400 ba. Labarin wasu ɗalibai biyar ne da suka kunna wani tsohon rikoda suka tayar da shaiɗanun daji. Marubuci Stephen King ya gan shi a bikin finafinai na Cannes a 1982 ya yaba masa, sai kamfanin Palace ya fitar da shi a Birtaniya a silima da kaset kusan lokaci guda. A 1983 shi ne kan gaba a kasuwar kaset ta ƙasar.

A lokacin dokar Birtaniya tana da giɓi. Fim ɗin silima sai ya bi ta hannun hukumar tace finafinai, amma kaset babu mai duba shi. Yaro ɗan shekara goma na iya shiga shagon kan kwana ya ɗauko abin da ko baligi ba a yarda ya gani a silima ba. Da wasu dillalai suka fara buga tallar The Driller Killer da Cannibal Holocaust a mujallu da hotuna masu tayar da zuciya, sai gari ya ɗauka. Mary Whitehouse, wata tsohuwar malamar makaranta da ta daɗe tana yaƙi da baɗala a talabijin, ta shige gaba, jaridar Daily Mail ta mara mata baya. 'Yan sanda suka fara kai samame shaguna suna kwashe kaya. Ofishin babban mai gabatar da ƙara ya fitar da jerin sunaye a 1983, wanda a tsawon lokaci ya taɓa finafinai 72, aka yi nasarar samun hukunci a kan 39. Wani dillali, David Hamilton-Grant, har gidan yari ya shiga a 1984. A shekarar majalisa ta zartar da dokar da ta wajabta tace kowane kaset kafin ya shiga kasuwa. The Evil Dead ya sha kamu da saki, bai fito cikakke ba yanka a ƙasar ba sai 2001. The Exorcist ma, da duk sunansa, ya yi sama da shekara goma ba a samunsa a kaset a can, sai 1999.

Ba na cikin masu cewa masu ƙorafin nan hauka suke yi. Wasu daga cikin finafinan nan abin ƙyama ne na gaske. A Cannibal Holocaust dabbobi masu rai aka kashe a gaban kyamara, kuma babu wata fasaha da za ta wanke wannan. Sanya iyakar shekaru a kan kwali ma abu ne mai kyau, da ma tun farko ya kamata a yi. Inda aka kauce hanya shi ne wajen hujja. An yi ta yayata wani bincike da ya ce kaso mai yawa na ƙananan yara sun kalli waɗannan finafinai. Da wani masanin halayyar ɗan Adam, Guy Cumberbatch, ya sake yi wa yara irin tambayoyin ya cusa sunayen finafinan da babu su a duniya, kusan biyu bisa uku suka ce sun kalla. A 1993 kuma, da wasu yara biyu 'yan shekara goma suka kashe wani ƙaramin yaro a yankin Liverpool, jaridu suka ɗora laifin a kan Child's Play 3, fim ɗin 'yar tsanar nan Chucky, alhali 'yan sandan da suka yi binciken sun ce ba su ga shaidar yaran sun kalle shi ba. Halin da yaran suka tashi a ciki, da abin da ke faruwa a gidajensu, shi ya fi wuyar dubawa. Aka bar jaki ana dukan taiki.

Masu tafiya ƙarƙashin ƙasa

A Amurka ba a yi wannan rikici sosai ba, sai ma kasuwar ta haifi sabuwar sana'a: yin fim don kaset kawai, ba tare da ya leƙa silima ba. Blood Cult na 1985, wanda aka ɗauka da kyamarar bidiyo a garin Tulsa da kuɗi 'yan kaɗan, da wannan aka yi masa talla. Charles Band ya kafa Full Moon ya fito da Puppet Master a 1989, ya yi ta jero masa ci gaba.

Amma wanda na fi so a wannan layi shi ne Tremors na 1990. Wani ɗan ƙauye ne a hamadar Nevada, mutanensa ba su cika ashirin ba, sai wasu manyan tsutsotsi makafi suka fara bin su ta ƙarƙashin ƙasa. Ba sa gani, motsin ƙafa suke ji. Saboda haka kowa ya haye rufin ɗaki ko kan dutse ya yi tsit, ana shawarar yadda za a tsira. Daɗinsa shi ne mutanen ba wawaye ba ne. Suna lura da halin dabbar, su ƙulla dabara, ita ma ta koyi tasu ta sauya salo. Ga shi kusan komai da rana tsaka yake faruwa, abin da ba kasafai masu fim ɗin dodo ke yarda da shi ba, don haske na tona asirin roba. A silima abin da ya tara bai wuce dala miliyan 17 ba, duk da Kevin Bacon na ciki. A shagunan haya kuwa rububinsa aka yi, har Universal ya ga ya dace a yi na biyu a 1996, kai tsaye zuwa kaset. Ya zuwa 2020 an yi guda bakwai.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne raunin kaset kansa ya taimaki dodanni. Hoton VHS dishi-dishi ne, duhu ya kan dunƙule ya zama baƙi ƙirin, kaset ɗin da ya sha hannu kuma sai ya riƙa rawa yana ja da layi-layi. Ɗinkin rigar dodo da igiyar da ake jan sa duk sai su ɓace a ciki, zuciyar mai kallo ta cike sauran da abin da ta fi tsoro. Da aka fara fitar da wasu finafinan a faifai tar-tar, mutane da yawa sun yi mamakin wai wannan ne ya hana su barci. Sai dai kaset ya yi ɓarna shi ma: don hoton ya cika akwatin talabijin na wancan zamani, yanke gefe da gefe ake yi, fim mai faɗin hoto irin The Thing ya rasa kusan rabin abin da aka ɗauka.

Da abin ya iso Afirka ta Yamma

A Ghana, daga tsakiyar shekarun 1980, masu kulob ɗin bidiyo na ɗaukar talabijin da na'ura da janareta su bi unguwanni da ƙauyuka suna nuna fim a karɓi kuɗin ƙofa. Ba su da fosta ta kamfani, sai suka riƙa ba masu zane irin su Joe Mensah aiki, su zana da fenti a kan buhunan fulawa da aka ɗinke. Wani lokaci mai zanen bai ma ga fim ɗin ba, sai ya ƙara wa dodo kai, ya ƙara jini, ya sa maciji inda babu. Waɗannan buhuna yanzu a gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka ake rataye su.

A Najeriya kuwa za a iya cewa da tsoro aka buɗe kasuwar bidiyo ta Kudu. Living in Bondage na 1992, wanda ɗan kasuwa Kenneth Nnebue ya ɗauki nauyi, da harshen Ibo aka yi shi kuma kai tsaye kaset ya shiga. Andy, wanda Kenneth Okonkwo ya fito a matsayinsa, ya ba da matarsa Merit ga 'yan ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi. Kuɗin suka zo, fatalwarta kuma ta hana shi sakat. Nneka the Pretty Serpent na Zeb Ejiro ya biyo baya a 1994. A ƙasar Hausa, inda Turmin Danya ya buɗe fagen fim ɗin bidiyo a Kano a 1990, masana'antar ta fi karkata ga soyayya da rikicin gida da waƙa, boka da aljani su kan leƙo ne su wuce. Tsoron da muka fi sha daga waje ya zo: macijiyar Indiya mai rikiɗa mace a Nagin na 1976 da Nagina na Sridevi na 1986, sai kuma Anaconda na 1997, wanda ya zaga gidaje a kaset da faifan CD.

A nan ne, a ganina, tambayar da Birtaniya ta yi, ko fim na iya cutar da jama'a, ta samu amsar da ta fi nauyi. A 1999 kamfanin Liberty Films na mai wa'azi Helen Ukpabio ya fitar da End of the Wicked, wanda ya nuna ƙananan yara suna tashi da dare suna halartar taron mayu, suna cin naman mutane, suna jefa iyayensu cikin masifa. Masu kare haƙƙin yara sun daɗe suna cewa fim ɗin da ire-irensa sun ƙara rura wutar zargin yara da maita a Akwa Ibom da Kuros Riba, inda aka kori yara daga gida, aka azabtar da wasu. Ita ta musanta cewa fim ɗinta ne sanadi. A 2008 gidan talabijin na Channel 4 na Birtaniya ya nuna halin da yaran ke ciki, a shekarar kuma Akwa Ibom ta kafa dokar da ta haramta jifan yaro da maita. Tsutsar Nevada ba ta da maƙwabci. Idan aka kashe talabijin ta tafi ke nan. Amma fim ɗin da ya ce maka maye yana cikin gidanka, ya kuma nuna maka fuskar yaro ko tsohuwa, bayan an kashe talabijin ne aikinsa ke farawa. Mu da muka san yadda kalmar maita ke raba tsohuwa da garinsu, ya kamata wannan ya fi damun mu a kan yawan jinin roba.

Kaset ya zama dodon kansa

Japanawa ne suka kai abin ƙarshe. A Ringu na Hideo Nakata, 1998, wanda aka ɗauko daga littafin Koji Suzuki na 1991, abin tsoron shi ne kaset ɗin kansa: wani kaset marar suna, duk wanda ya kalla sai waya ta yi ƙara, kwana bakwai kuma ya mutu. Hanyar tsira ɗaya ce, ka kwafe shi ka ba wani ya kalla. Duk wanda ya taɓa karɓar aron kaset marar kwali daga hannun aboki ya san inda labarin ya samo ƙarfinsa. Ga kuma wurin da Sadako, fatalwar da ke cikin kaset ɗin, ke fitowa daga rijiya, gashi ya rufe mata fuska, ta nufo gilashin talabijin, ta ratso shi ta sauko tsakar ɗaki. A silima wannan abin firgita ne. A gida, gaban akwatin da ya yi kama da na cikin fim ɗin, ya wuce haka. Ju-on na Takashi Shimizu ma a 2000 kai tsaye bidiyo ya fara fita, kafin sunansa ya kai shi silima ya kuma kai shi Hollywood.

Lokacin da Amurkawa suka sake yin Ringu da sunan The Ring a 2002, faifan DVD ya riga ya fara ture kaset. Blockbuster, mai shagunan haya sama da dubu tara a lokacin ganiyarsa, ya durƙushe a 2010. Funai, kamfani na ƙarshe da aka sani yana ƙera na'urar VHS, ya daina a Yulin 2016. A 2015 ɗakin karatu na Jami'ar Yale ya sayi kaset kimanin 2,700, akasarinsu na ban tsoro, ya adana su da kwalayensu, saboda da yawa ba a taɓa juya su zuwa faifai ba, zaren kaset kuma yana lalacewa da shekaru. A Najeriya an yi wa Living in Bondage ci gaba a 2019 ƙarƙashin umarnin Ramsey Nouah, aka sake yin Nneka a 2020, duka aka kai su manyan gidajen silima. Na asalin kuwa, da ɗimbin finafinan Legas da Onica da Kano na shekarun 1990, yawancin abin da ake iya samu a yau kwafin kwafi ne da wani ya juyo daga tsohon kaset ya ɗora a YouTube, sauti na shaƙewa, launi ya koɗe. Uwayen kaset ɗin da suka rage suna cikin kwalaye a bayan shaguna da ɗakunan ajiya, ga zafi ga ƙura, kuma na'urar da za a kunna su da ita kullum ƙara wuyar samu take yi.